Kafin ka hau Mambila: amsoshi kan lokacin tafiya, takalmi da ɗan jagora

Tun da damina ta fara ja da baya saƙonni suke shigowa kan tafiya tsaunin Mambila da ke jihar Taraba. Na zaɓi huɗu da nake ganin amsarsu za ta wadatar da sauran masu tambaya.

Daga wani magidanci a Kano: Assalamu alaikum. Mu huɗu ne muke son zuwa Mambila. Wasu sun ce mu je da damina don mu ga ƙasa kore shar, wasu sun ce mu bari sai Disamba. Wanne ya fi? Kuma mu tafi da motarmu ko mu shiga ta haya?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. In dai wannan ne zuwanku na farko, ku sa rana tsakanin ƙarshen Nuwamba da tsakiyar Disamba. Daminar Mambila doguwa ce, takan fara tun wajen Maris ko Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba ya wuce. Gaskiya ne a lokacin ƙasar ta fi kyau, amma da zarar kun sauka daga kwalta sai jar laka mai santsi, ga hazo da kan rufe tudu har ka kasa ganin wanda ke gabanka. In kuma kuka yi jinkiri zuwa Janairu ko Fabrairu, za ku tarar an sa wa ciyawa wuta, tuddai sun yi baƙi, ƙurar hunturu ta rufe nesa. A ƙarshen Nuwamba ruwan sama ya ɗauke, ciyawa ba ta gama bushewa ba, rafuka na gudu.

Batun mota kuwa, hanyar daga Jalingo ce zuwa Bali, Serti, Mayo Selbe, sannan a fara hawa zuwa Maisamari, Nguroje har Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna. Tafiyar yini guda ce, don haka ku kwana a Jalingo ku yi sammako. Hawan da ke bayan Mayo Selbe kwana ce bisa kwana, dutse a gefe ɗaya, rami a ɗayan. Saukowa ta fi hawa haɗari, domin direban da ya saba da shimfiɗaɗɗiyar hanyar Kano zuwa Zariya yakan danne birki har ya yi zafi ya daina kamawa, alhali da ƙaramar giya ake saukowa. In babu wanda ya taɓa tuƙi a irin wannan hanya a cikinku, ku ajiye motar ku shiga ta haya. A sama ma yawancin ƙauyuka sai da babur. Kuma ko da wace mota ce, kada dare ya same ku a kan hawan nan.

Daga wata ɗaliba a Zariya: Kuɗina ba su da yawa. In sayi takalmin hawa dutse irin na Turawa, ko kambas ɗina ya isa? Wace rigar sanyi zan nema?

Ƙanwata, wannan ce tambayar da ta fi muhimmanci a wurina, domin a nan yawancin mutanenmu suke kuskure. Sai mutum ya kashe kuɗi a kan tabarau da jaka mai suna, ya hau tudu da silifas.

Juya kambas ɗin ki duba ƙasansa. In ya suɗe ya yi sumul, bar shi a gida. Abin da kike nema shi ne takalmi mai haƙora masu zurfi a ƙasa, wanda in kin murɗa shi da hannu biyu ba ya lanƙwashewa kamar tsumma, kuma ya rufe idon sawu. Ba dole ne ya zama sabo ba. A gwanjo ana samun masu kyau, sai dai ki danna tafin da yatsa, ki ja bakin da aka manne, don tsohon takalmin da ya daɗe a ajiye yakan ɓare a rana ɗaya. Ki gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safa mai kauri a ƙafarki, kuma ki tabbata akwai sararin yatsa guda a gaban babban yatsanki. Wurin gangara ƙafa takan zame gaba, in takalmi ya matse sai farce ya yi baƙi. Sannan ki yi ta yawo da shi a makaranta na sati biyu kafin tafiya. Sabon takalmin da aka fara sawa a kan dutse, kanta da ƙuraje yake jawowa.

In kuɗin sun gaza, akwai dogon takalmin roba irin na manoma, wanda mutanen yankin da kansu suke shiga laka da shi. Da safa biyu zai kai ki tafiyar awa biyu ko uku cikin kurmi. Doguwar tafiya ce dai ba zan ba ki shawarar yi da shi ba, saboda zufa.

Sanyi kuma kada ki auna shi da hunturun Zariya. Mambila tana kan tsayin kusan mita 1,600 daga teku, Jos ma da ake ba da labarin sanyinta tana wajen 1,200 ne. Kowace mita dubu da aka hau, zafi yakan ragu da kusan digiri shida. Ga iska, tunda saman tuddan fili ne na ciyawa, babu abin da zai tare ta. Maimakon ƙatuwar riga guda, ki nemi uku da za ki riƙa ƙarawa kina ragewa: ta ciki marar nauyi, suwaita, sai rigar ruwa mai hula a sama. Ki guji auduga a jikin fata, domin in ta sha zufa ko raɓa ba ta bushewa da wuri, kuma jiƙaƙƙen kaya cikin iska shi ke kayar da mutum. Wando mai kauri a ƙarƙashin doguwar riga, da hijabin da bai wuce gwiwa ba, don kada ƙaya da rassa su riƙa kama shi. Ki raba safa kashi biyu, ta tafiya daban, ta barci daban a cikin leda. Ƙaramin fulas na ruwan zafi ma zai yi miki rana a alwalar asuba.

Daga wani ma'aikaci a Abuja: Kwana biyar kawai na samu na hutu. In je kurmin Ngel Nyaki ko in hau Chappal Waddi? Kuma wajibi ne sai na biya ɗan jagora, tunda akwai taswira a waya?

Malam, a kwana biyar ɗin nan hanya za ta cinye aƙalla biyu, wataƙila ma uku. Ka je Ngel Nyaki.

Kurmi ne da ke kusa da ƙauyen Yelwa, a gefen tudun, kuma yana cikin ɗan abin da ya rage na irin wannan dajin na kan tsauni a Najeriya. Kana tafe cikin fili fetal na ciyawa da shanu, sai ƙasa ta gangara ka tsinci kanka ƙarƙashin dogayen itatuwa masu gansakuka a jiki, haske ya ragu, ƙasa da laima ko da rani. Akwai birai iri-iri da tsuntsaye, har da ɗan ragowar birin nan da ake kira cimfanzi, ko da yake ganinsa sai an yi sa'a. Akwai kuma tashar bincike inda masana daga jami'o'in gida da waje suke aiki tare da 'yan yankin. Yini ɗaya ya isa ka shiga ka fito.

Chappal Waddi wani al'amari ne daban. Shi ne wuri mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419, a kan iyaka da Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti wanda aka kafa a 1991, kuma babu gandun da ya kai shi girma a ƙasar nan. Hawansa na buƙatar izinin hukumar gandun, wadda ofishinta ke Serti, da rakiyar jami'ansu, da kwana a daji, da masu taya ɗaukar kaya. Ka ware masa sati guda a wani hutun, bayan ka ɗan horar da ƙafarka.

Kuɗin ɗan jagora kuwa, kada ka yi ƙyashinsa. Tuddan Mambila kamar ɗaya suke, hanyoyin shanu sun sarƙe da juna, in hazo ya sauka waya ba za ta gaya maka inda ƙasa ta zabtare ba, ga sabis da ke ɗaukewa. Bayan haka, filin da kake gani kamar babu mai shi, yana da mai shi: wannan makiyayar wani ce, wancan gonar wani ce, kuma maganar ƙasa a yankin ta taɓa jawo rikici mai muni. Ɗan jagora shi zai kai ka ka gaida jauro, wato mai garin, ko arɗo, shugaban makiyaya, ya yi maka tafinta da Fulatanci, wanda ya fi Hausa yawo a ƙauyukan, ya kuma san inda ba a bi a wannan makon. Ku daidaita kuɗi tun kafin ku tashi, ku fayyace ko da abinci da kuɗin babur a ciki. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana da katin shaida, saboda kusancin iyaka.

Daga wata Hajiya a Gombe: Mahaifiyata ta haura shekara sittin, tana da hawan jini, tana son ta bi mu. Ya dace? Wace tsaraba kuma ta fi?

Hajiya, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Ta fara ganin likitanta, ta tafi da maganin da zai wuce kwanakin tafiyar. In ya amince, tsayin Gembu bai kai inda iska ke yi wa yawancin mutane ƙaranci ba. Doguwar zama a mota da sanyin dare su ne abin lura. Ku raba hanyar biyu, ku tanadar mata bargo mai kauri da hular sanyi. Kada ku sa ta gangara kurmi, ku kai ta gonar shayi ta Kakara, inda za ta sha kallo ba tare da wahala ba.

Tsaraba kuwa, ganyen shayin Kakara ya fi komai sauƙin ɗauka, sai zuma. Ayaba da fiya suna da araha a bakin hanya, amma ku zaɓi waɗanda ba su nuna ba, ku sa su a kwali maimakon leda, domin da kun sauko Mayo Selbe zafi zai dawo, nunannu kuma ba za su kai Gombe ba.