Muryar WhatsApp: amsa kan tsibirin Hainan

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da warhaka. Hajiya, na ji saƙonki cewa yaronki ya samu gurbin karatu a Hainan, kina tambaya wane irin wuri ne, kuma Musulmi zai iya zama lafiya. Alhaji ma ya ce yana so ya biyo ta nan idan ya zo sarin kaya. Bari in haɗa ku a murya ɗaya, ku yi haƙuri za ta ɗan yi tsawo.

To, Hainan tsibiri ne a can ƙarshen kudancin Chaina, lardi ne mai zaman kansa tun 1988, da can yana ƙarƙashin Guangdong. Mutanensa sun ɗan haura miliyan 10. Faɗin ruwan da ya raba shi da babbar ƙasa kamar kilomita 30 ne, kuma babu gada, jirgin ƙasa ma idan zai tsallako sai a rarraba taragansa a shigar da su cikin jirgin ruwa. Babban birni Haikou ne, a arewa, nan ne yawancin jami'o'i suke. Sanya kuma tana kudu, garin baƙi da otal-otal da bakin teku. Akwai jirgin ƙasa mai gudu da ya zagaye tsibirin gaba ɗaya, daga Haikou zuwa Sanya kamar awa biyu ne.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki kan sanyi. Babu ƙanƙara a nan, rigar sanyi guda ɗaya ta ishe shi a watan Janairu. Abin da zai dame shi shi ne gumi. Zafinmu na gida busasshe ne, na nan jiƙaƙƙe ne, ka shanya kaya su ƙi bushewa, takalmin da ka ajiye ƙarƙashin gado ya yi fumfuna. Damina daga Mayu ne zuwa Oktoba, kuma a cikinta guguwar teku ke zuwa. Wadda aka yi a Satumbar 2024, Yagi, ta tumɓuke bishiyoyi, ta katse wuta da ruwa a Haikou da Wenchang. Amma ana sanarwa da wuri, makaranta ta rufe, kowa ya tanadi ruwa da abinci ya zauna a ɗaki. Ki dai ja masa kunne kada ya ce zai fita ɗaukar bidiyo.

Batun abinci, a nan nake so ya buɗe ido sosai. Naman alade da kitsensa suna shiga girkinsu da yawa, har a cikin ganye ko romo da ba za ka zata ba. Mafitarmu ita ce shagunan taliyar Lanzhou na Musulmin arewa maso yamma, yawanci za ka ga masu su da farar hula, ga taliyar da ake ja da hannu a gabanka, ga naman sa. Kifi da jatan lande kuwa sai wanda ya ƙi, ya saya a kasuwa ya dafa da kansa. Kwakwa ana fasa maka ita a bakin titi a sa maka tsinken sha. Mangwaro da abarba da ayaba, wallahi ba zai yi kewar gida ba ta wannan ɓangaren. Ki sa masa yaji da kuka da kuɓewa busasshiya, waɗannan ne babu. Kilishi kam kada ya ɗauko, ba a barin nama ya shigo.

Akwai Musulmi 'yan asalin tsibirin, a Sanya, unguwannin Huihui da Huixin, kusa da filin jirgi. Kakanninsu 'yan ƙabilar Cham ne da suka tsallako daga yankin Biyetnam ɗaruruwan shekaru da suka wuce, suna da masallatansu da harshensu. Ya kamata ya je ko sau ɗaya, zuciya tana sanyi idan ka shiga cikinsu. Sai dai Chaina tana sa ido kan harkar addini. Ya yi sallarsa da azuminsa, amma banda tara jama'a ko wa'azi.

Yanzu karatu. Idan likitanci ne, akwai jami'ar likitanci ta Hainan a Haikou, amma ku tabbatar hukumar likitoci ta Najeriya ta amince da ita kafin ku biya ko sisi, kuma ya sani sai ya zauna jarrabawarsu idan ya dawo. Ni dai a ganina, abin da Hainan ta fi ƙarfi a kai, kuma mu muka fi buƙata, shi ne noma. A 2007 aka haɗe Jami'ar Hainan da jami'ar noman yankuna masu zafi, suna bincike kan rogo, roba, ayaba, kwakwa. Kowace shekara lokacin sanyi masu binciken iri daga ko'ina a Chaina suna sauka yankin Sanya, saboda a can ana iya shuka lokacin da gonakin arewa suka daskare. A Sanya ɗin ne a 1970 mutanen masanin shinkafa Yuan Longping suka tsinci shinkafar dajin da aka gina shinkafa mai aure a kanta. Yaron da ya tashi yana ganin fadamun Kura ko na Argungu, ya zo nan ya koyi harkar iri, ai ya koma da abin da zai amfani garinsu. Shi ya sa nake jin takaici idan na ga kowa likitanci kawai yake hange.

Takardu: bizar karatu ta dogon zango ita ce X1, kuma cikin kwana 30 da saukarsa sai ya mayar da ita takardar zama. Kada ya yi wasa da wannan. Ya sauke WeChat da Alipay tun daga gida, da waya ake biyan komai. WhatsApp ba ya aiki kai tsaye a nan, ke ma ki buɗe WeChat. Muna gaban Najeriya da awa 7, idan kin kira bayan isha'i, tsakar dare kika tashe shi. Kuma ya dage da koyon Sinanci, domin Turanci ba ya kai mutum ko'ina a kasuwa.

Alhaji, kai kuma gaskiya zan faɗa maka, Hainan ba Guangzhou ba ce. An mayar da ita yankin ciniki maras haraji, akwai katafaren kanti a Haitang na turare da agogo da jakunkuna, amma na masu sayen ɗaiɗai ne, babu kasuwar sari irin wadda ka saba. Kuma jerin ƙasashen da aka yafe wa biza babu Najeriya ko Nijar a ciki, sai ka zo da bizarka. Idan hutu kake so, daga Guangzhou awa ɗaya da 'yan mintuna ne a jirgin sama. Ka zo tsakanin Nuwamba da Maris, amma ka kauce wa makon sabuwar shekararsu, kuɗin otal yana ninkawa. Idan ka yi sa'a zuwanka ya dace da harba roka a Wenchang, daga bakin teku ake tsayawa a kalla, da yara da tsofaffi.

Hajiya, ki ce ya turo min hoton takardar gurbin nasa ta keɓe, in duba ko a wane reshe aka sa shi, don Jami'ar Hainan tana da wani a Danzhou, nesa da Haikou. Sai na ji ku.