Likita, bayan 'yata ya karkace, an ce mu jira wata bakwai

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni uwa ce mai 'ya'ya biyar, muna zaune a Gusau. Ta ukunsu shekararta 12 da wata huɗu, tana aji ɗaya a ƙaramar sakandare. Da za a yi ɗinkin ƙaramar Sallah, telarmu ta auna ta, ta sake aunawa, sai ta ja ni gefe ta ce, "Maman yara, kafaɗar nan ta dama ta fi ta hagu tashi, ƙugun ma ba daidai yake ba." Na ce ai tsayuwar banza ce irin ta yara. Da daddare na sa ta cire riga ta sunkuya, sai na ga gefen dama na bayanta ya yi tudu. Wallahi ranar ban runtsa ba. Ba ta jin ciwo, tana cin abincinta, tana wasanta. Mun je asibiti, likitan ya ce yana zargin karkacewar ƙashin baya, ya rubuta mana takarda zuwa wani babban asibiti. Can aka ba mu ranar ganin likitan ƙashi nan da wata bakwai, ko hoto ba a yi mata ba. Kakarta ta wajen uba ta ce a kai ta wurin mai ɗori, babanta ya ce jakar makaranta ce da ɗaukar ruwa. Ba ta fara al'ada ba tukuna. Mu jira ne, ko yaya za mu yi?

Uwa mai damuwa, daga Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya ba yarinya lafiya, Ya kuma saka wa telar nan da alheri, don ta yi aikin da mu ma'aikatan lafiya muke rasa damar yi. Yarinya in ta kai shekara goma uwa ta daina yi mata wanka, ga hijabi ya rufe kafaɗa, ga kunya. Sai a yi shekara biyu babu wanda ya ga gadon bayanta, kuma a daidai shekarun ne wannan larura take yin ɓarnarta.

Kada ku zauna jiran wata bakwai hannu rungume. Dalilina yana cikin abin da kika rubuta can ƙarshe kamar wanda kika tuna daga baya, cewa ba ta fara al'ada ba. A duk wasiƙar nan babu maganar da ta fi ta nauyi a wurina.

Wannan karkacewa, da likitoci suke kira sikoliyosis, tana tafiya ne tare da girman yaro. Ƙashin baya yana lanƙwasa gefe, yana kuma murɗawa, ya ja haƙarƙari tare da shi. Murɗawar ce ta yi tudun da kika gani da ta sunkuya. Kusan yara biyu zuwa uku cikin ɗari suna da ita tsakanin shekara 10 zuwa lokacin da tsawo ya tsaya, yawancinsu ƙarama ce ba ta buƙatar komai sai sa ido. Amma mata ne ta fi ƙaruwa a jikinsu, kuma lokacin da ta fi gudu shi ne lokacin da yarinya take zabga tsawo, wato kamar shekara guda kafin jinin farko. Bayan an fara al'ada girma yana raguwa, cikin kamar shekara biyu ya tsaya. 'Yarki tana tsakiyar wannan gudun ne, ko tana bakin shiga. A irin wannan lokaci ana samun karkacewar da take ƙaruwa da digiri ɗaya (ma'aunin lanƙwasar ke nan) ko fiye a wata. Da 'yar shekara 17 ce wadda tsawonta ya tsaya, da na ce ki kwantar da hankali ki jira ranarki. Ga 'yar 12 kuwa, wata bakwai zai iya fitar da ita daga matakin da rigar roba mai tauri ta riƙe baya take magani ya kai ta bakin tiyata.

Abu na farko, kuma a wannan makon, shi ne hoton ƙashi. Ba sai kin ga babban likita za a yi shi ba, likitan da ya tura ku zai iya rubutawa. Ki faɗa wa mai ɗaukar hoton a fili cewa a tsaye ake so, ba takalmi, kuma ƙashin baya gaba ɗaya tun daga wuya har ƙugu, ɗaya ta baya ɗaya ta gefe. Ina nanata wannan ne don na sha karɓar hoton da aka ɗauka yarinya tana kwance, ko aka ɗauki ƙirji kawai, iyaye sun kashe kuɗi kuma dole a sake. In mutum ya kwanta karkacewar tana ɗan miƙewa, sai hoton ya nuna ƙasa da gaskiya. A kan hoton ake auna kusurwar lanƙwasar, ana kiranta ma'aunin Cobb, sunan likitan Amurka da ya bayyana shi a 1948. Ki roƙa a rubuta miki lambar. Ƙugun kuma yana da nasa amfani: daga bakin ƙashinsa likita yake karanta sauran girman da ya rage wa yaro, daga mataki 0 zuwa 5.

Lambar nan ita ce za ta buɗe miki ƙofa. Ƙasa da digiri 10 ba a ma kiransa ciwo. Daga 10 zuwa wajen 25 ana sa ido, a sake hoto bayan wata huɗu zuwa shida. Daga 25 zuwa 40 a jikin yaron da yake kan girma, ana sa masa riga ta roba mai tauri da ake ƙerawa daidai jikinsa. In ta kai 45 zuwa 50 sai a fara maganar tiyata, domin irin wannan takan ci gaba da ƙaruwa a hankali ko bayan girma ya tsaya.

Rigar nan ba ta miƙar da baya ya koma kamar da, aikinta ta riƙe shi kada ya ƙara har yarinya ta gama girma. Kuma an gwada an gani. A wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada aka fitar a 2013, yara 72 cikin ɗari na waɗanda suka sa rigar sun gama girma ba su kai matakin tiyata ba, a waɗanda aka sa wa ido kawai kuwa 48 ne. Waɗanda suka riƙa sa ta fiye da awa 13 a rana, kusan 90 cikin ɗari suka tsira. Abin da yake hana ni barci game da wasiƙu irin taki ke nan: maganin yana nan, amma yana da lokaci, in girma ya tsaya ya daina amfani.

Akwai wata yarinya da ba na mantawa. Shekararta 15 da aka kawo ta, mahaifiyarta ta ciro takardar turawa daga cikin jaka, ta naɗe ta a leda, gefenta duk ya yi ja saboda daɗewa. Na duba kwanan wata, shekara biyu da rabi. An ba su rana, ranar ta zo daidai da rasuwa a gidan, da suka koma aka sake ba su wata, daga nan suka ce tun da ba ta jin ciwo a bari. Da muka ɗora hoton a jikin fitila, lanƙwasar ta wuce 60. Uwar ta dubi hoton ta dube ni ta ce, "Likita, da an faɗa mana akwai gaggawa da ko gona mun sayar." Ba sakaci suka yi ba, babu dai wanda ya zaunar da su ya yi musu bayani.

To da hoton a hannu, ki koma wurin likitan farko. Ki roƙe shi ya sake rubuta takardar, ya sa abu uku a samanta: shekarunta, cewa ba ta fara al'ada ba, da lambar kusurwar. In zai iya buga waya ga abokin aikinsa a sashen ƙashi, ya fi takarda goma. Masu ba da rana a wurin yankar kati suna bin layi ne, ba su da hanyar sanin wanda ya fi gaggawa, ba laifinsu ba ne. Don haka ki je da sassafe ranar da likitocin ƙashi suke zama, ki nemi babbar nas, ki gaishe ta da girmamawa, ki ce kina roƙon a nuna wa ɗaya daga cikin likitocin hoton ko na minti biyu ne. Duk likitan ƙashin da ya ga digiri 28 a jikin 'yar 12 ba zai ce ta dawo bayan wata bakwai ba. Ki bar lambar wayarki ko wani zai fasa zuwa. Babanta ya raka ku in da hali, ya ji da kunnensa, don shawarar kuɗi da tafiya tana gaba.

In abin ya ƙi, kada ki ɗaure kanki a ƙofa ɗaya. Akwai Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala a Kano, wanda yake aiki tun 1959, akwai asibitin koyarwa na Shika a Zariya da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, duk suna da likitocin ƙashi. Ki tambaya musamman wanda yake duba ƙashin baya, da inda ake ƙera rigar. Ga manyan tiyata, asibitin FOCOS da ke Akara a Ghana ya yi suna a yammacin Afirka, amma ina fata ba za ku kai can ba.

Akwai alamomin da in kin ga ɗayansu ba maganar layi, sai ɗakin gaggawa a ranar: ciwon baya mai tashinta daga barci, ƙafa ta yi sanyi ko ta mutu, tuntuɓe babu dalili, fitsari ko bayan gida ya kuɓuce mata. Haka zazzaɓin dare da rama da tari. A ƙasarmu tarin fuka yana cin ƙashin baya, yakan yi ƙusumbi mai tsini a tsakiyar baya tare da ciwo, kuma maganinsa daban ne, kyauta ake ba da shi. Ki kuma faɗa wa likita in tana da sikila, ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

Sai maganar Kaka. Ki bi ta da lalama, ƙauna ce ta sa ta faɗa. Ki ce mata mai ɗori karaya yake haɗawa, nan kuwa babu abin da ya karye kuma babu abin da ya goce da za a mayar. Ja da danna da tsaga da ƙaho ba su rage digiri ko ɗaya, wahala kawai za ta sha, watanni kuma su tafi. Alhaji shi ma a gaya masa jakar makaranta da tulun ruwa suna iya sa gajiya da ciwon baya, amma ba su murɗa ƙashi. A yawancin yara ba a san musabbabin ba, sai dai yana bin dangi, don haka ki sa ƙannenta su sunkuya ki duba su. Ke ma ki cire wa ranki cewa goyo ne ko wani abu da kika yi.

Kafin ranar ganin likita, ki sa ta jingina da bango ki ja layi a saman kanta da fensir, ki rubuta kwanan wata, ki maimaita duk wata. Ki rubuta ranar da al'ada ta zo in ta zo. Ta ci gaba da makaranta da wasa da sallarta yadda ta saba.

In an ce riga, zan gaya miki gaskiya, akwai wuya, musamman a zafin Maris da Afrilu. Ana so ta kai awa 18 a jiki. Ta sa 'yar shimi ta auduga a ciki, a canza in ta jiƙe, a riƙa duba fata kullum. Hijabin da ya ɓoye ciwon zai ɓoye rigar ma, 'yan ajinsu ba sai sun sani ba. Kuma a daina maganar bayanta a gaban baƙi. Yarinya a wannan shekaru tana jin komai, tana haɗiyewa. Na san abin da yake ranki da ba ki rubuta ba: masu wannan larura suna aure, suna ɗaukar ciki, suna haihuwa kamar kowa.

Ki sake rubuto mini da lambar da aka samu a hoton.

TAMBAYA: Likita, shekarata 21, ina koyon gyaran waya a Kaduna. An yi mini hoto an ce bayana ya karkace digiri 18. Na ga ana tallar wata ɗamara a Facebook wai tana miƙar da baya cikin wata biyu. In saya?

Wani matashi, daga Kaduna

AMSA: Malam, riƙe kuɗinka. Ɗamarar yadi da roba mai miƙewa ba ta motsa ƙashi, kuma a shekarunka girma ya tsaya, ko rigar asibiti ba za a sa maka ba. Digiri 18 a jikin wanda ya gama girma da wuya ya ƙaru. In baya yana damunka, na fi zargin sunkuyon da kake yi a kan teburin gyara tun safe har dare. Ka ɗaga teburin ko ka rage tsawon kujerar, ka riƙa miƙewa duk bayan rabin awa, sannan ka je sashen gashin ƙashi su koya maka motsa jikin da yake ƙarfafa baya da ciki. In ciwon ya fara sauka ƙafa, ko ka ga kafaɗar tana ƙara tashi, ka koma a sake hoto a gwada da na farko, don haka ka adana shi inda ruwa da rana ba za su taɓa shi ba.