Katanga ta faɗa kan motar maƙwabci: wa zai biya?

Tambaya: Malam, ni ɗan kwangilar gini ne a Jidda, da ma'aikata shida. Shekaranjiya katangar da muke ɗorawa ta rufto kan motar maƙwabci, yarona ɗaya ya karye a ƙafa. Inshorar lafiyarmu za ta biya?

Amsa: Allah ya tsare gaba, Alhaji. Kar ka dogara da ita. Raunin wurin aiki hurumin GOSI ne, wato hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin Saudiyya, muddin ka yi wa yaron rajista kana zuba kashi 2 cikin 100 na albashinsa. Baƙi ma suna ciki. Kai rahoto yau, ba gobe ba.

Motar kuwa, sai inshorar ɗan kwangila mai ɗaukar ɓarnar dukiyar wasu. In ba ka yanka ba kafin aza tubali, aljihunka ne zai ji a jikinsa. Ni dai da zan lallaɓi maƙwabcin nan tun bai kai ƙara ba.