Wai ozon garkuwa ce ko guba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Don Allah a fitar da ni daga duhu, a makaranta an ce mana ozon ce ke kare mu daga hasken rana mai cutarwa, yanzu kuma na ji wai tana lalata huhu, wai ma ta fi yawa lokacin zafi. To wanne zan kama? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata. Kama duka biyun, iska ɗaya ce, mazauni ne ya bambanta. Ta can sama, wajen kilomita 15 zuwa 35, ita ce garkuwar. Ta ƙasa da muke shaƙa kuwa ita ke kawo tari da ƙaiƙayin maƙogwaro, masu asma su suka fi jin jiki.

Abin da zai ba ki mamaki, ba salansar da ke fitar da ita kai tsaye. Hayaƙin motoci da na masana'antu ne ke haɗuwa da tururin fetur da na fenti, sai rana ta dafa su, shi ya sa take kai ƙololuwa bayan azahar a watannin zafi. Wani masani Haagen-Smit ne ya gano haka a Los Anjalas farkon shekarun 1950, lokacin tayar mota har tsattsagewa take, ganyen shuka na ƙonewa, idon mutane na ta hawaye.

Amma fa akwai lauje cikin naɗi. Sabon hayaƙin mota shi kansa yana cinye ozon, musamman da dare da lokacin sanyi da rana ba ta da ƙarfi, to da Amurka da Turai suka rage hayaƙi sai ta lokacin zafi ta sauka, ta lokacin sanyi kuma a birane da dama ta ɗan hau tunda mai cinye ta ya ragu. Haka aka gani a kullen korona na 2020, titi fayau amma ozon ta ƙaru a wasu birane. Sin ma daga 2013 ta rage ƙurar hayaƙi sosai, ozon ɗin manyan biranenta kuma ta ci gaba da hawa. Ni kam wannan ne ya fi ɗaure min kai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar ozon ta wuce maikirogiram 100 a kowace mita kubik ta iskar da muke shaƙa, a matsakaicin awa 8. In kina da asma, motsa jikinki ki yi shi da sassafe.