Ƙanwata, iya zane kaɗai ba zai fitar da ke ba

Saƙonki ya iso, tare da hotunan zanen da kika turo. Kin ce kina son zuwa Ingila ki karanta dizain, kina tambaya ko hannunki ya kai, da kuma irin kwamfutar da za ki saya. Kusan duk mai rubuto mini daga gida da zancen kwamfuta yake farawa, har na gaji da amsa shi. Hannunki ya kai, babu ja a nan. Kwamfuta kuwa bari sai kin samu gurbi, makarantar da kanta za ta faɗa miki abin da ake bukata. Abin da yake kayar da ɗalibai a wannan fanni shi ne lokaci, kuma shi ne ba wanda yake tambayata.

Fara da lissafi. A nan, shekara guda ta digirin farko kiredit 120 ce (kiredit shi ne ma'aunin nauyin karatu), kowane kiredit kuma an ƙiyasta shi a kan awa 10 na aiki. Awa 1,200 ke nan, a cikin makonni kamar 30 na karatu, wato awa 40 a mako. Digiri na biyu kiredit 180 ne cikin wata 12. Amma idan kika duba jadawalinki, awannin da za ki zauna gaban malami ba su taka kara sun karya ba. Sauran duk naki ne, ba mai kiran suna, ba mai bin ki. Wanda ya ga jadawali fayau ya ɗauka hutu ya samu, a mako na shida zai gane kurensa. Bizar ɗalibi ta yarje miki aiki na awa 20 a mako lokacin karatu. Ɗora 20 a kan 40, ki ƙara zirga-zirga da wanki da barci, ki ga abin da ya rage. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, daidai lokacin da wa'adin ayyukan zango yake cunkushewa, jiki yana cewa dare ya yi alhali aiki ko rabi bai kai ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na zo shi ne, kyawun abin da kika miƙa a ƙarshe ba shi kaɗai ake ba maki ba. Za a ba ki takardar umarni, a ce misali ki tsara alamomin da za su nuna wa marar lafiya hanya a asibiti, ko ki ƙera kwalin magani da tsoho mai rawar hannu zai iya buɗewa. Malami yana so ya ga wa kika tambaya, me kika gani da idonki, dabaru nawa kika gwada kika watsar, kuma me ya sa. Hukumar Design Council ta nan ƙasar ta fitar da wani tsari a 2004 mai matakai huɗu: bincike, tantance ainihin matsalar, gwada mafita iri-iri, sannan kammalawa. Makarantu da yawa da shi suke auna aiki. Littafin zanenki, mai cike da gogewa da gyara da tabon gam, shi ne shaidarki. Ba a ƙirƙirar sa a dare ɗaya. Na ga masu gwanintar hannu da suka fi ni nesa ba kusa ba, sun zauna ana gobe miƙawa suna cika shafuka don a ce sun bi matakai. Malaman nan sun shekara suna ganin irin wannan, kallo ɗaya suke yi su gane.

Sai zaman bitar aiki. Za ki manna aikinki a bango, ki tsaya gaban malamai da 'yan ajinki, a bi shi ɗaya bayan ɗaya ana fito da gazawarsa. Ba zan ɓoye miki ba, akwai zafi. Wata malama ta taɓa tsayawa gaban fastar da na ƙarar da ƙarfina a kanta, ta ce launukan sun yi kyau amma ba ta ga matsalar da na warware ba, ta wuce ta gaba. Har yau ina jin ya kamata ta tsaya ta saurari bayanina. Sai dai abin da ya shafe ki a nan shi ne: bayan irin wannan zama sau da yawa daga tushe ake sake aiki, ranar miƙawa kuma tana nan inda take. Saboda haka gara ki kai abu ɗanye da wuri a soke shi tun akwai sauran kwanaki, da ki ɓoye shi sai ya yi kyau.

Wa'adi a nan ba ya jin magiya. Ta intanet ake miƙa aiki, na'ura ce take rubuta minti. Makin cin jarrabawa a digirin farko 40 ne cikin 100, daraja ta ɗaya daga 70 take farawa. Kowace makaranta da dokarta, amma a da yawa idan kika makara, ko a riƙa zaftare maki, ko a tsayar da ke a 40 komai kyan aikin, in makarar ta yi yawa kuma sifiri. Ƙarin lokaci sai da hujja, kamar takardar likita. Cewa kwamfuta ta lalace ko fayil ya ɓace yawanci ba a karɓa. Ki ajiye aikinki wuri biyu kullum, ɗaya a hannu ɗaya a intanet.

Ga wurin da nake so ki buɗe kunne sosai. Kwanakin ƙarshe na kowane aiki ba naki ba ne, na injina ne da layi. Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, firinta kuma da tawada huɗu, shi ya sa shuɗin da yake walƙiya a allonki zai fito a takarda a dushe. Sai kin buga gwaji, kin gyara, kin sake bugawa. Hoton da bai kai ɗigo 300 a inci ba, yakan fito a farfashe. In ba ki bar zanen ya zarce gefen takarda da rarar milimita 3 ba, wuƙar yanka takarda za ta bar miki farin layi. Injin yankan leza da firintar 3D sai an yi rajista, kuma duk ajin rana ɗaya suke buƙatarsu. Fenti da gam ba ruwansu da saurinki, sai sun ga dama suke bushewa. Masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun bayyana tun 1979 cewa ɗan Adam yana raina lokacin da aiki zai ci masa, ko da ya taɓa yin irinsa. Ni dai daga ranar miƙawa nake ƙirgowa baya, in ware mako guda cur na bugawa da haɗawa, in ɗauka ranar da makon ya fara ita ce wa'adina na gaskiya. Da haka na kai makin da nake alfahari da shi, ba wanda ya ba ni shi kyauta.

Akwai rubutu ma, kada ki zaci kin tsere masa. Za ki rubuta maƙala kan tarihin fannin, irin su makarantar Bauhaus da Walter Gropius ya kafa a Jamus a 1919, aka rufe ta a 1933. Ana saka rubutun a manhajar Turnitin don kama satar rubutu. Ki riƙa yi kaɗan-kaɗan da safe, domin in kika bar shi ya haɗu da aikin sitidiyo, wato aikin zanen kansa, a mako ɗaya, ɗayansu zai mutu.

Aikin rukuni ba zan daɗe a kansa ba. A kowane rukuni akwai wanda zai ɓace sai ana saura kwana biyu ya bayyana. Ki rubuta wa ya ɗauki me, da kwanan wata, tun zaman farko.

Abin da ya fi ci mini rai daga gida yake zuwa. Mutane sun ɗauka zane wasa ne. Ina tsakiyar aiki, ido ya yi ja, sai saƙo ya shigo: a yi wa shagon wane tambari, a haɗa katin biki, ai minti biyar ne a wurinki. In na ce ba hali, a ce na je Turai na canza. Wannan magana ta sa ni kuka ba sau ɗaya ba, don ba wanda ya san abin da na bari na amsa wayar. Tun kafin ki taso, ki koyi ce musu sai an yi hutu, kuma ki faɗa wa su Umma da bakinki cewa akwai makonnin da za su ji ki shiru, lafiya ce.

Kafin ki cike takardar neman gurbi, ga abin da nake so ki yi. Zaɓi matsala guda da kike gani kullum, ki ba kanki mako biyu. Ki tambayi mutanen da abin ya shafa, ki zana mafita uku mabambanta, ki zaɓi ɗaya ki buga ta a takarda ta gaske, kina rubuta awannin da kowane mataki ya ci. Ki turo mini duka, har da waɗanda kika watsar, ranar da mako biyun ya cika kafin ƙarfe 12 na rana. Zan duba shi yadda ake duba nawa, kuma in ya yi, da shi za mu buɗe kundin ayyukan da za ki tura wa makarantu.