Gashin haɓa ya hana ni sakat

Tambaya: Salam Anti, don Allah ki taimaka min, gashi ke fito min a haɓa, na tsige na aske duk a banza, kwana uku ya dawo har kunyar shiga biki nake. Wai akwai na'urar lantarki da ke cire shi gaba ɗaya, gaskiya ne? Daga wata ƙanwarki a Zariya.

Amsa: Wa alaikis salam ƙanwata, gaskiya ne, ana ce masa ilektirolisis, kuma tsohon abu ne, tun 1875 wani likitan ido a Amurka, Charles Michel, ya fara shi kan gashin ido da ke juyawa ciki. Wata siririyar allura ake zurawa ramin gashin a saki ɗan lantarki ya kashe saiwar, ɗaya bayan ɗaya fa, kuma tunda gashi ba lokaci guda yake tsirowa ba sai kin yi ta komawa, wata sai ta shekara tana zuwa. Akwai ɗan zafi kamar cizon cinnaka. Abin da ya fi leza (wato cire gashi da haske mai ƙarfi) da shi, bai damu da launin fata ba, ita leza in ba a iya ba tana ƙona baƙar fata.

Amma ni dai da kin fara zuwa asibiti a duba sinadaran jikinki, musamman in al'adarki na wasa, don PCOS, wata matsalar sinadaran jiki da ke shafar ƙwan mace, na kawo haka. In tabonki na yin tudu ki faɗa wa masu cire gashin, kuma a buɗe sabuwar allura a gabanki.