Ga 'yar'uwar da ke tambaya kan shiga coci a Italiya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wallahi ina gama karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi jugum, kamar labarina kika rubuta. Kin ce kin samu gurbin karatun tarihin zane-zane a Firenze, an gaya miki rabin darasin a cikin coci ake yi, Baba ya ce sai ya yi shawara, ke ma hankalinki bai kwanta ba.

Maganar hukunci ba tawa ba ce. Ki roƙi Baba ku je wurin malamin da ya yarda da shi, ni ma haka aka yi a gidanmu kafin a bar ni. Amma shigar kam babu makawa. Zanen bangon nan a kan ɗanyen shafe ake yin sa, fentin ya bushe tare da ginin, don haka ke za ki je inda yake. Kuma ba wanda zai ce ki yi ibada. Dokarsu ma a rufe kafaɗa da gwiwa, ni da mayafina ba a taɓa tsayar da ni a ƙofa ba, 'yan ajinmu masu guntun wando ake korowa. Maza ne ake cewa su cire hula.

Abin da ya kayar da ni daban ne, kuma ba wanda ya yi min kashedi. Jarrabawarsu ta baka ce, kina zaune gaban malami, sauran ɗalibai suna bayanki suna ji. Na yi wata biyu ina haddar shekaru da sunaye. Na san mai zane Masaccio ya yi aikin ɗakin ibada na Brancacci a cocin Santa Maria del Carmine wajajen 1425, na san yadda ya sa hasken zanen ya zo daga ɓangaren tagar ɗakin. Sai malamin nan ya turo min hoton ya ce, wane ne dattijon da ya fito sau uku a zane ɗaya, kuma me yake cirowa daga bakin kifi? Na yi tsuru-tsuru. Ya cire tabarau, ya juya wajen 'yan aji, ya ce ko yaro ɗan shekara bakwai a ƙasar nan ya san wannan. Wasu suka yi dariya. Ya ƙara da cewa wai me ya kawo ni wannan fanni. Maki 18 cikin 30 ake nema a tsallake, ko shi bai ba ni ba, ya rufe takarda ya kira na gaba. A banɗaki na yi kukana har mai shara ta ƙwanƙwasa. Da a ce ya faɗa min ni kaɗai da sauƙi, amma juyawar nan da ya yi ga mutane, ita ce ban yafe ba har yau, Allah ya sani.

Ashe Bitrus ne, almajirin Annabi Isa, kuɗin haraji yake cirowa. Wata ƙawata 'yar Jos ce ta ba ni labarin a saƙon murya cikin minti biyu, tana ta yi min tsiya. Don haka tun kina gida ki nemi Kirista da kuke mutunci, ki sa ta a gaba. Ki haddace alamomin da ake gane mutane da su a zane: mai mabuɗai Bitrus, mai takobi Bulus, tsoho da zaki Jerome, mai rigar gashin raƙumi Annabi Yahaya. Wani abin ma kin riga su sani. A ƙaramar cocin Scrovegni ta garin Padova, inda Giotto ya yi zane wajajen 1305, jerin ya faro ne daga iyayen Nana Maryamu da haihuwarta, ina kallo Ali Imrana tana faɗo min. Sai kin kama tikiti tun da wuri, a zaunar da ku a ɗakin jira kusan minti 15 saboda danshi, sannan a ba ku kamar haka a ciki. Kada ki ɓata lokacin da ɗaukar hoto.

Ki riƙa yawo da sulalla a aljihu. A cocin San Luigi dei Francesi ta Roma sai an jefa kuɗi fitilar zanen Caravaggio take kamawa, ta mutu kina tsakiyar rubutu. Coci da yawa kuma suna rufewa da rana sai wajen la'asar, nan nake samun sararin sallah da cin abinci.

Af, takardar izinin zama, cikin kwana 8 na aiki da saukarki ki kai fom ɗin gidan waya, ki adana rasit ɗin kamar ranki, don katin yana daɗewa bai fito ba.

In kin samu hutu ki je Palermo ki ga Cappella Palatina ta zamanin Sarki Roger na II. Coci ce, amma rufin katakon irin sassaƙar Musulunci ne, har da rubutun Larabci. A kansa na yi kundina, a hannun wata malama daban. Shi kuwa wancan malamin da ya kayar da ni, na koma gabansa a zangon gaba, ya ba ni 24, ko ɗago kai bai yi ba balle ya gane ni.